Hagun Tabawa

Ƙarƙashin gadar Agege nake zama,
ni da basilla da zaren roba.
Nan Tabawa ta fara kawo min takalmi,
hagun ya wage baki kamar tarwaɗa.
Ta ce, "Baba Ɗanjuma, gobe muna da wasa,
kuɗinka sai mun ci."
Na ɗinke. Ba su ci ba.

Sau tara ina ɗinke hagun nan.
A na goma ba ta zo ba,
wai wata ƙungiya ta ɗauke ta
can inda ciyawa ke daskarewa da asuba.

Daren da ta sa koriyar riga,
janareton gidan kallo ya mutu
saura minti shida.
Muka yi cirko-cirko cikin duhu,
sai ihu ya taso daga layin mahauta.
Ashe da hagun ta zura.

Bara ta dawo tana ɗingishi,
tabon wuƙar likita a gwiwa.
Ta zauna kan bencina, ta miƙo ƙafar:
"Baba, wannan fa, nawa za ka ɗinke?"
Muka yi ta dariya har jirgin ƙasa ya wuce.

Kuɗin farkon nan, har yau na ƙi karɓa.