Tebur na Bakwai, Ranar Alhamis

Shekara ashirin da shida ina ɗaukar faranti a wannan gida,
a gaɓar kogin Saône, inda Lyon ke wanke ƙafafunta da yamma.
Na san nauyin cokalin azurfa ido rufe,
na san mai biya, na san mai laluben aljihu har wani ya riga shi.
A ƙofarmu akwai ɗan allo: masu ƙafa huɗu ma baƙinmu ne.

Mai ƙafa biyu, farin adiko a cinya.
Mai ƙafa huɗu, kwanon ruwa a gindin tebur,
ni nake durƙusawa in ajiye, gwiwata na kuka kamar tsohon ƙyaure.

Ranar Alhamis, takwas saura kwata,
Odilon Vauthier yake shigowa, hula a hannu,
Tisane na biye, tsohuwar karya mai furfura a baki,
kunne ɗaya a miƙe, ɗayan ya daɗe da yin murabus.
Da can su uku ne.
Honorine ta rasu bara waccan, lokacin zubar ganye.

Ba ya duba takardar abinci.
Dodon koɗi shida cikin man shanu da tafarnuwa,
ƙirjin agwagwa, tsakiyarsa ja-ja, da miyar lemo,
sai cuku mai warin da ke korar baƙo ya riƙe ɗan gari.
Can a kicin, Baptistin, mai jifan yaransa da ludayi
in gishiri ya ɗara da ƙwaya uku,
shi da kansa yake gasa ƙashin ɓargo, ba gishiri, ba barkono,
ya hura ya huce, ya ce mini: kai wa Madam.

Nakan tambaya, yaya gida, yaya ƙarfin jiki?
Yakan ce lafiya lau, Armel, ba abin da ya dame ni.
Mutum da ƙarya. Karya kuwa ba ta ƙarya:
takan ɗora haɓa kan kujerar da ba kowa,
ta ja dogon numfashi, har harshen kyandir ya kaɗa.

Alhamis ɗin da ta wuce an kwana ana ruwa, an wuni ana yi.
Ya shigo shi kaɗai, kafaɗa a jiƙe.
Hannuna ya riga hankalina:
na durƙusa, na ajiye kwanon, na cika shi fal,
sai da na ɗago na ga igiyar
ta leƙo daga aljihun kwat ɗinsa kamar wutsiya.

Ban ɗauke kwanon ba. Shi ma bai ce in ɗauke ba.
Agwagwa ta huce a gabansa, kitse ya daskare a gefe.
Baptistin ya fito bakin ƙofar kicin da ƙashi a faranti,
ya dubi ƙarƙashin tebur, ya dube ni,
ya koma. Daren nan ba yaron da ya sha ludayi.

Wajen tara da rabi, a tebur na uku,
wasu masoya na gardamar kuɗin haya ƙasa-ƙasa,
ɗan kwikwiyonsu ya zame wuya daga igiya,
ya bi tsakanin ƙafafun mutane, ya ture jakar wata likita,
ya tarar da ruwan da ba nasa ba, ya sha, laƙ-laƙ-laƙ,
ya fantsama wa tsoho a wando,
sannan ya kama igiyar takalminsa da 'yan haƙora kamar allura.

Yarinyar ta taso, baki cike da ban haƙuri.
Odilon ya ɗaga yatsa ɗaya: bar shi.
Ya juyo gare ni, murya a bushe kamar burodin jiya:
Armel, ƙashin nan, in bai riga ya shiga shara ba.

Bai shiga ba. Yana nan a rufe kusa da murhu.
Na kawo shi bisa tire, kafaɗa a miƙe, adiko a hannu,
yadda aka koya mini ina ɗan shekara sha tara.