Bashin Zakara

Hutun kwana uku ne kacal,
amma tun Talata Dogara ya kife takardar kuɗin wuta a kan tebur
yana jera sunayen garuruwa a bayanta
da biro mai yoyo.

Mu shida ne, in za a ƙirga tsakani da Allah:
ni, shi, Kuyet ɗan shekara shida, Zigwai 'yar uku,
sai Ba-ruwanka, tsohon kare mai ɗingishi,
da Sai-ido, wadda ba ta taɓa kai Sabon Tasha a mota ba
ba tare da ta dawo da kalacinta ba.

Kuyet ya ce ruwa yake so, mai zubowa daga sama.
Matsirga ke nan.
Na tuna santsin duwatsun wurin a tsakiyar damina,
na dubi yatsun ƙafar Zigwai, ƙanana kamar 'ya'yan gyaɗa,
na karɓi biron na soke.

Ita Zigwai, ko'ina ne,
muddin akwai akuya.

Na buga waya wani masauki a Zariya.
Yara biyu? Ba damuwa, a kawo su.
Na ce, da karnuka biyu.
Shiru.
Na ji ta toshe bakin wayar tana faɗa wa wata,
dariyarsu na tsiyayowa ta tsakanin yatsu.

Malam Shu'aibu ya leƙo ta kan katanga:
"Ku bar su nan, Maman Kuyet.
Kin san ba zan taɓa su ba,
amma katanga ba ta fi ƙarfin ragowar tuwo ba,
zan riƙa jefo musu safe da yamma."
Shekara tara karnukanmu na yi wa gidansa haushin dare,
rijiyarsa na cika mana randa.
Sai dai maganar ta faɗa kunnen Kuyet.
Ya je ya kwanta kusa da Ba-ruwanka a kan buhu,
ya ce shi ma a riƙa jefo masa.

Dare ya yi, an ɗauke wuta a Narayi.
Dogara na lissafin man fetur da fitilar waya,
lita nawa zuwa, lita nawa dawowa,
wace hanya ake bi da hantsi,
wace ce ba ya son bi da yara ko rana na tsaka.
Sunaye suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Saura guda, can ƙasa,
ya rubuta shi ƙanana kamar mai jin kunya:
Kagoro. Gidan Gwaggo Saratu.

Akwai fili. Akwai dutse a bayan gida, da inuwar mangwaro,
da awaki bakwai.
Akwai kuma Kirsimetin bara,
ranar da Sai-ido ta shigo tsakar gida
da jan zakaran Gwaggo a baki.
Gwaggo ba ta ce uffan ba.
Ta fige shi, ta dafa, ta zuba mana,
ta ja kujera ta zauna tana kallon muna ci.
Tun daga ranar, gaisuwarta a waya
ba ta wuce "lafiya lau".

Alhamis na shiga kasuwa.
Na sayi igiya mai kauri,
na sayi zakara ja, na taya har mai kajin ya rantse.

Ga mu yau, Asabar, mun wuce Kujama.
Zigwai na ƙirga awakin bakin titi, daga biyar ta koma biyu.
Ba-ruwanka ya ɗora haɓa a kafaɗar Kuyet.
Sai-ido ta riga ta yi abin da ta saba, na goge.
Kwali na kan cinyata, da ramuka huɗu,
abin da ke ciki yana motsi.

Dab da Kachiya ya yi cara.
Kunnuwa biyu suka miƙe a madubi.
Dogara bai ɗauke ido daga titi ba, ya ce,
"Riƙe shi da kyau, Asabe,
ban da kuɗin wani."