Famfon Farko

Ni na fara murɗa hannun famfon nan
a Mai Wurno, bakin hanyar Sinnar,
sa'ad da gidan man gaba ɗaya
duro huɗu ne da rumfar kwano,
mazurari guda, da Attom mai shi
yana lissafi a bayan kwalin shayi.

Motocin auduga su tsaya da asuba,
direba ya sauko neman jabana,
in cika masa tanki, in goge hannu a riga.
Sa'ade takan ce ko kwano na taɓa
sai ta ji warin gas a miya.

Shekarar da Nilu ya cinye gonakin gaɓa
Attom ya sayo tsohuwar tanka,
mai tari kamar ni yanzu.
Ya sa aka zana belbela a ƙofarta,
ya ce, tsuntsuwar da ke bin garke
ba ta kwana da yunwa.

Ta hau duwatsu zuwa Bur Sudan,
ta dawo da ciki, ta koma.
Kafin Jibrin ɗana ya yi gemu
belbela ta yi ƙwai a Madani,
ta ƙyanƙyashe a Gadarif da Kosti,
har Kasala, har inda ban taɓa takawa ba.
Masu zuwa daga Ubayyid suka ce
can ma tana haske da dare a kan ƙarfe.

Ban manta shekarar layi ba.
Motoci tun daga famfo har maƙabarta,
mutane na kwana a kan sitiyari.
Na ɓoye galan biyu a bayan randa
don injin ban-ruwan Haladu,
albasarsa ta fara sunkuyar da kai.
Attom ya gani. Ya buɗe littafi, ya rubuta:
sai an sayar da riɗi.

Littafin nan ya bi shi ƙasa, ina ji.
'Ya'yansa na sama a Khartum, bene na bakwai,
yaran kirki, suna aiko sukari da azumi.
Sai dai famfon yanzu shi ke ƙirga kansa,
jan lamba na gudu kamar ɓarawo,
bai san Haladu ba, bai san riɗi ba,
ba ya jiran kaka.

Bara jikana Ɗahiru, direban tankarsu,
ya ɗauke ni in ga babban ofis.
Sanyi kamar cikin tulu, ƙasa na ɗaukar ido.
A tsakiyar zaure, cikin gilashi,
ga shi tsaye, an shafe shi da jan fenti.
Na gane shi ta wayar da na ɗaure masa
ranar da ƙusar hannun ta karye,
sun fente ta ita ma, sun zaci ado ce.

Na miƙa hannu.
Mai gadi ya ce, Baba, ba a taɓawa.
Na ce to.

A hanyar dawowa na ƙirga belbelu
har goma sha tara, barci ya sace ni.
Ɗahiru ya ce kafaɗata ta dama
tana ta hawa da sauka har Sinnar,
kamar mai cika wa wani tanki.