Rabin Daƙiƙa

A Kutaisi, kusa da gadar kogin Rioni,
Tsiala na da shago, ɗaki guda,
wayoyi sun yi saƙa a bango kamar gidan gizo.
Ran Talata, ana tsuga ruwa, Otar ya shigo,
hularsa na ɗiga,
da 'yar filasha ƙulle a bakin hankici.

Ya ce, "Matata ce a ciki.
Lamara, ran da muka tsinke inabin ƙarshe.
Kwamfutar jikana ta ce ba ta san ta ba."

Tsiala ta soka, ta duba wutsiyar sunan.
AVI. Ta yi ɗan tsaki.
"Baba, wannan ba fim ɗin ba ne, akwatinsa ne.
Haruffan nan uku rubutun kan murfi ne kawai.
A ciki kaya biyu ne, hoto daban, murya daban,
kowanne da irin ƙullin da aka yi masa.
Na'urar yanzu ta san akwatin sarai,
ƙullin ne ya gagare ta kwancewa."

Otar ya zauna kan kwalin tsohuwar firinta.
"To a sauya mata akwati."

"Sauyi iri biyu ne," in ji ta.
"Akwai a juye tuwo daga kwano zuwa kwano,
ko loma ba ta raguwa.
Akwai kuma a sake dafawa,
wanda wuta sai ta ci rabonta:
gefen ganye ya dushe, idon mutum ya yi hazo."

"Kada wuta ta taɓa ta."

Ta zaɓi MKV, mai faɗin ciki,
wanda ba ya ƙin baƙo kowane iri.
Ɗan layi kore ya fara rarrafe a allo.
Suka sha shayi. Ruwa bai tsagaita ba.

Sai ga Lamara, da kwando a kafaɗa,
rana ta shekara goma sha huɗu baya
tana kwance a goshinta.
Ta buɗe baki, shiru,
sannan dariyar ta iso,
a makare, tana haki kamar yaron aike.

Tsiala ta kai hannu.
"Murya ta yi lattin rabin daƙiƙa.
Lamba ɗaya zan taɓa, su daidaita."

Otar ya riƙe mata hannun riga.
"Bari.
Shekara arba'in da ɗaya tana magana,
ni ma ban taɓa jin ta a kan lokaci ba.
Sai ta fita tsakar gida nake gane me ta ce."

Ta zuba masa a filasha biyu,
ta rubuta sunan manhajar da za ta buɗe shi
a bayan takardar kuɗin wuta.
Ya biya lari goma, ta mayar masa da biyar.

Da yamma, tana share tebur,
ta ga bai ɗauki tsohon akwatin ba.
Ba ta goge shi ba.