Ƙugiya a Ƙasan Layi

Ƙarfe tara, janareto ya yi tari sau biyu, ya kama.
Na saƙala igiyar sauraro a kunne,
muryar Likita Gado ta shigo
da nauyin wanda ya kwana a tsaye.

Na'ura ta riga ni ji, ta riga ni rubutawa.
Ba ta gyangyaɗi, ba ta neman izinin zuwa suna,
sai dai kunnenta na baƙo ne.
Ya ce ƙoda, ta rubuta koda,
sai ka ce ciwon yana jiran sharaɗi.
Ya ce baƙin fitsari, ta ce bakin fitsari.
Waɗannan ba sa firgita ni,
ina bin su ina lanƙwasa musu kai
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafar fadama.

Gado na sha huɗu ne ya tsayar da ni.
Nomau, masunci, shekara hamsin da 'yan kai,
daga ƙetaren kogi.
Kalma uku na'ura ta jera, ko ɗigo babu:
zazzaɓi babu amai.

To, wanne ne babu?
In na sa waƙafi bayan zazzaɓi,
jikinsa ya ɗau zafi, cikinsa ya kwanta.
In na gusa da shi taku ɗaya,
zafin ya sauka, ga kwano a gindin gado.
Mutum biyu kwance a layi guda,
alhali ɗaya aka haye da shi a kwale-kwale.

Na mayar da murya baya.
Daidai inda numfashin likita zai ba ni gaskiya
keken marasa lafiya ya wuce yana ƙugi.
Sau bakwai ina mayar da shi,
sau bakwai yana sake wucewa.

Babana a bakin ruwan Yelwa ya tsufa,
yana ɗaura ƙugiya da haƙori.
Ya kan ce ƙanƙantarta ba ta hana ta ɗago giwan ruwa.
Malama Ta-Allah kuwa, da muke biya karatu a zaurenta,
ta kan buga tabarma ta ce:
wadda ta yanke numfashi inda ba a yankewa
ta faɗi abin da ba a ce ba.

Ni ba likita ba ce, ba na cika da zato.
Na cire igiya, na ja takalmi.
Sista Rifkatu ta ce yana tiyata, sai na jira.
Na jira a kan benci, kusa da matar Nomau,
tana firfita da murfin kwali,
ba ta san mijinta yana hannuna ba
tsakanin kalma da kalma.

Ya fito yana wanke hannu. Na karanta masa.
Ya ce, "Zazzaɓi babu,"
ya miƙa hannu ya jawo tawul,
ya ce, "amai."
A nan na ji shi, waƙafin,
tsawonsa tsawon ɗaukar tawul.

Na koma na jefa ƙugiyata bayan babu.
Ba wanda zai gan ta.
Wanda zai karɓi aiki da dare zai bi ta kanta a guje,
ya ɗan tsaya bai san ya tsaya ba,
ya ɗauko maganin da ya dace.

Shayina ya yi fata.
Saura murya talatin da ɗaya.
A ta gaba likita yana hamma,
na'ura ta zuba waƙafi a kowace gaɓa,
har tsakanin mutum da sunan ubansa.
Na gyara zama, ina zare su ɗaya bayan ɗaya,
yadda inna ke zare ƙayar karfasa
kafin ta miƙa wa yaro.