Ƙaryar Da Ta Yi 'Ya'ya

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗinkin koma
a bakin tekun Valparaíso,
ban taɓa tambayar hannuwana yadda ake ƙulli ba.
Su suka sani. Nawa kallon jirage.

Wata Talata, rana ba ta gama hawa tudu ba,
kofin shayi ya suɓuce mini,
bakina ya karkace kamar ƙofar da ta rasa ƙusa,
hannun hagu ya kwanta a cinyata
kamar kifin da aka manta a ƙasan kwale-kwale.

Wata uku ina dakonsa.
Amparo, autata, ita ke zura shi a hannun riga,
ita ke yanke masa farce.
Na daina ce masa nawa.
Na raɗa masa Baƙo.

Sai ga Rayén, likitar gashi,
ta hauro matattakalarmu ɗari da sha biyu
tana haki, madubi a hammata.
Ta tsayar da shi kan tebur, saitin ƙirjina,
ta ɓoye Baƙo a bayansa.
Ta ce, "Baldomero, rabu da na daman,
kalli wanda ke cikin gilashin.
Buɗe. Rufe. A hankali."

Na yi dariya da rabin bakin da ya rage mini,
na ce, yarinya, na girmi wasan yara.
Ta ce ai ba da ni take ba,
da ƙwaƙwalwata take,
wadda ta rufe hanya ta jefar da makulli.
"Za mu yi mata ƙarya kullum, rabin awa,
har sai ta leƙo ta ga wa ke motsi."

Na duba.
Ga hannun hagu nan, lafiya lau,
yana buɗewa, yana rufewa,
ba tabon ƙugiyar nan a jikinsa,
ba zoben marigayiya Fidelia,
amma idona bai tsaya bincike ba.
Wani abu ya tsarga mini tun daga kafaɗa,
kamar tururuwa ɗaya ta ɓata hanya.
Na kawar da kai. Na ce iska ce ta sa ni hawaye,
alhali tagar a rufe take.

An ce gani ya kori ji.
Ni gani ne ya je ya kamo mini ji.

Kada in yi muku ƙarya ta biyu:
akwai makon da ba abin da ya motsa.
Akwai ranar da na kife madubin,
na zagi Baƙo, na zagi teku,
Amparo ta tsince waken da na watsar
ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce uffan ba.
Washegari ta goge gilashin da gefen rigarta
ta mayar da shi inda yake.

Ranar ta hamsin da uku
ina juya cokali a gaban madubi,
sai Amparo, da ke tsaye ta ɗaya ɓangaren,
ta dafe baki.
"Baba, manuniyarka."
Ni ban gani ba. Na gilashin nake kallo.
Ita ta ga na gaskiyar
ya ɗaga kai kaɗan, kamar mai barci ya ji an kira sunansa.

Yanzu hunturu ya wuce.
Babban yatsa ya dawo, ƙaramin har yau yana yaji.
Maɓallin riga na ba ni kashi.
Amma jiya na roƙi zare da allurar koma,
na yi ƙulli ɗaya.
Mummuna ne, sako-sako,
ko ɗan kifi zai raina shi ya wuce.
Na rataye shi a jikin madubin.

Sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Su hauro matattakalar nan, in suna da numfashi,
in miƙa musu hagu mu gaisa.