Geza Mai Magana

Rumfata a Ƙofar Wambai ba ta kai ɗaki ba,
taku uku ka ƙure ta.
Geza nake sayarwa, da tuntu, da leshi,
da igiyar ɗaure ƙugun labule,
abin da ake tunawa a ƙarshe
bayan kuɗin yadi ya cinye aljihu.

Ranar Laraba, la'asar sakaliya,
ga wata dattijuwa, jika na riƙe da sandarta.
Tabawa, in ji ta, daga Yakasai.
Shekara talatin tana taka keken ɗinki
kafin yana ta sauke mata nata labulen.

Na sauko da mai ruwan zinare,
wadda masu sabon falo ke rububi.
Ta shafa sau ɗaya ta ture.
"Roba ce. Wanki biyu ta zama gemun bunsuru."
Na miƙa ruwan goro, na miƙa ruwan toka,
ina zuba launuka kamar mai kirari,
jikar na ƙunshe dariya a mayafi.

"Ɗan nan, launi rabon baƙi ne.
Ni ba ni wadda ke magana."

Sai na tuna wani ƙulli a ƙarƙashin kanta
tun mahaifina na zaune a kan wannan benci,
geza mai 'yan duwatsu a bakin kowane zare,
ta kwana shekaru ba wanda ya taya.
Ta kai ta kusa da kunne, ta girgiza.
Cakas, cakas,
kamar yayyafin farko a kan rufin kwano.

"Ita ce.
In Sha'awa ta shigo zan sani,
ita fizgar labule take kamar ana bin ta bashi.
In Malam ne, a hankali,
sai ka ce yana neman gafarar ƙofa.
In iska ce ma, dole ta yi sallama."

Na auna yadi huɗu, na ɗauko almakashi.
Ta ce tsaya.
Ta ja daga hanci zuwa ƙarshen yatsa,
sau huɗu, tana motsa leɓe.
"Saura yatsa uku."
Na mayar kan sandar awo.
Saura yatsa uku.
Maƙwabcina Tasi'u mai maɓallai
har yau bai bar ni na huta ba.

Ta biya ba ciniki, suka ɓace cikin layin 'yan zare.

Da dare na koma gida Gwammaja.
Labulen ƙofata tsirara,
kalmasa kawai, ko zare ɗaya bai sauko ba,
ni da ke tufatar da ƙofofin mutane.
Ragowar ƙullin bai cika yadi ba,
na ɗinka shi hakanan da allurar hannu,
rabin ƙofa ya samu, rabi ya yi haƙuri.

Na kashe fitila na kwanta.
Can sai cakas, ƙasa-ƙasa.
Autata ce, ta zo neman ruwa,
kanta bai wuce gezar ba.